Abin da Ya Faɗa Kaskon Farata

Fara nake soyawa. Kafin fara na fasa dutse, kafin dutse na sayar da itace, kafin itace ina da miji. Ya rasu. Cikin 'ya'yan da na haifa mace ɗaya ce ta rage, tana aure a Kazaure. Ruwa ya taɓa rushe ɗaki ina ciki, na fito da kaskon suya a kai. Ba ni da yawan magana, ba ni da yawan dariya.

Wurina yana bakin tasha a garinmu, nan ƙasar Roni, ƙarƙashin wani tsohon zogale da ya yi tsawo. Wani mutumin Nijar ke kawo mini busasshiyar fara ta hanyar Babura. In cire fukafukai da ƙafafu, in soya da man gyaɗa, in barbaɗa yaji da gishiri. Direbobi, 'yan acaɓa, ma'aikatan ƙaramar hukuma, matan aure masu aiko da kwano daga cikin gida, kowa ya san Inna mai fara.

Kusa da ni wata Babarbariya ke zama da tiren dafaffiyar gyaɗa. Sa'ata ce, ita ma ba miji. Ni kuwa Bafillatana ce, ko da yake Fulatancin ya bi shanun kakana ya tafi. An san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Kullum da safe sai ta ce, "Baiwata, an tashi lafiya?" In ce mata baiwa dai ta kyauta da ta gai da uwar ɗakinta. Shekara da shekaru muna haka, ba mu gaji ba.

Idan zogalen ya yi fure, akwai wani ɗan abu da ke zuwa da rana tsaka. Bai kai babban yatsa ba. Jikinsa kore-kore, da jar ɗamara a ƙugu, da baƙar jela da ke buɗewa kamar ta tattabara. Ba ya sauka. Tsayawa yake cak a iska a gaban fure yana ƙugi, ba a ganin fiffikensa, ya zura wani abu siriri kamar zare ya sha, ya ja da baya, ya koma wani furen. Duk garin ɗan tsuntsu ake ce masa. Ni ban taɓa ce masa komai ba, don ba ya sayen fara.

Wata ranar kasuwa, damina ta fara ja baya, mutane sun cika gabana, sai abin ya sauko ƙasa-ƙasa wajen wani reshe da ya sunkuyo kan murhuna. Babarbariya ta ce ga ɗan uwana nan ya zo roƙon nono. Ta kai masa mafici. Shekara nawa yara na jifan abin nan ba wanda ya same shi, sai ita, tsohuwa mai ciwon kafaɗa. Ya faɗo tsakiyar tafasasshen mai.

Na sa matsami na tsame shi na yar. Wata kaza ta sure shi ta ruga. Amma kafin in yar na gan shi a kan matsamin. Ƙafafu na gani sirara irin na fara, ba biyu ba, kuma ban ga baki irin na tsuntsu ba. Na ci gaba da suyata.

Babarbariya ta miƙe tsaye ta ce, "Jama'a ku shaida, Bafillatana ta soya tsuntsu ba yanka. Mushe da yaji, a zo a saya."

Aka yi dariya. Farar ranar duk ta ƙare.

Washegari wani ɗan acaɓa ya wuce ya ce, sannu Inna mai mushe. Na yi banza da shi. Kafin kasuwa ta zagayo sunan ya zauna. Da farko wasa ne. Daga baya kwanukan cikin gida suka daina zuwa. Wata ta aiko cewa mijinta ya yi amai bayan ya ci farata. Mai facin tayar da ke tsallaken titi ya ce shi da idonsa ya ga gashin tsuntsu yana yawo a man, har da jini, alhali lokacin da abin ya faru yana ƙarƙashin mota. Na ɗauki kaskona na tafi kasuwar Gwiwa inda na zaci ba a ji ba. Kafin in hura wuta sunan ya riga ni sauka daga babur.

'Yata ta ji labari ta aiko cewa in tattara in koma wurinta. In zauna a gidan suruki a zuba mini tuwo ina kallon bango. Na fi son fasa dutse. Amma gwiwoyin fasa dutsen sun ƙare. Farar nan ita ce ɗakina, ita ce ƙofar da nake rufewa da hannuna. Kuma kaka na tafe, lokacin sabuwar fara, lokacin da mai suya ke tara abin da za ta ci shekara. In sabuwar fara ta same ni da wannan suna, to sai Kazaure.

Na tafi wurin Liman. Babarbariya ta biyo ni, wai ta zo ta ji hukuncin da za a yanke wa baiwarta. Na lura ta rame a wuya.

Liman dattijo ne mai sanyin magana. Muka durƙusa daga ƙofar zaure na gaya masa. Ya ce idan tsuntsu ne ya mutu a cikin mai ba yanka, man ya ɓaci, da abin da aka soya a ciki. Idan kuwa ƙwaro ne marar jini, irin ƙuda ko gyare, a tsame shi a yar, ba komai. Ya ce akwai hanya mai sauƙi. In zubar da man da ya rage a gaban mutane, in wanke kasko, shi kuma zai faɗa bayan salla cewa kuskure ne, an gyara.

Na ce, "Allah gafarta Malam, in na zubar, na yarda ke nan na ciyar da mutane mushe. Ban ciyar ba."

Ya dube ni. Ya ce shi ma tun yana yaro yake ganin abin daga nesa, bai taɓa riƙe shi ba, kuma ba zai yi hukunci a kan abin da ke cikin kaza ba. In kawo masa guda ya gani.

Nan muka fara farauta. Tunda ba ciniki, ina da lokaci. Muka fara da rariyar tankaɗe. Abin yana tsaye a gaban fure kamar an rataye shi, ka kai hannu, sai ka gan shi a bayan kunnenka. Muka kawo tsohon gidan sauro, ni na kama gefe ita ta kama gefe, muka rufe reshen gaba ɗaya. Muka kama zuma, ta harbi Babarbariya a haɓa. Wani ya ce mu shafa danƙo a reshe yadda ake kama ƙananan tsuntsaye. Muka shafa. Abin da ba ya sauka ina ruwansa da danƙo? Ɗankwalina ne ya manne.

Maza suka riƙa jawo benci gaban shago suna kallonmu. Rannan Babarbariya ta ɗage zane, ta yi tsalle da rariya, ƙafarta ta zame, ta zauna daram a cikin tiren gyaɗarta. Ta ɗago kai daga ciki ta ce mini, "Kin kama?" Dariya ta kufce mini. Na daɗe ban ji ta ba, har na waiga in ga ko wata ce ke yi.

Ita ce ta lura cewa duk sanda abin ya gama sha, gefe guda yake nufa, wajen duwatsun da ke bayan gari. Ta ce tsuntsu dai ba ya rasa sheƙa, mu je mu same shi a gida. Na ce ba tsuntsu ba ne. Ta ce to mu je mu same shi a rugarsu.

Da hantsi muka hau. Ni gwiwa, ita kafaɗa da numfashi. Muna hawa muna zagin kakannin juna don kada mu ji ciwon. A can sama tsakanin duwatsu akwai gauɗe, itacen nan da mata ke matse 'ya'yansa su yi baƙin kwalliya a fuska. Babarbariya ta ce tana budurwa har nan take zuwa ɗiba, wai samari na faɗuwa in ta wuce. Na ce tsoro ne ke kayar da su. Muka zauna a inuwar dutse muna haki.

Ba mu daɗe ba muka ji ƙugin. Ga shi nan yana zagaya gauɗen. Amma ba fure yake nema ba. Ya tsaya a gaban wani sabon ganye, ya kama shi da ƙafa fiffike bai daina kaɗawa ba, ya lanƙwasa jela ƙarƙashin ganyen, ya saki, ya koma wani. Da ya tafi muka rarrafa muka juya ganyen. Wani ɗan abu ne manne, kore, mai sheƙi, bai kai ƙwayar gero ba.

Babarbariya ta ce, "Ƙwai ne. Baiwata, kin mutu. Mai ƙwai ai tsuntsu ne."

Na ce ƙadangare ma na ƙwai, fara ma na yi. Na tambaye ta tsuntsun da ta taɓa gani yana manna ƙwansa a bayan ganye ya tafi yawo. Ta ce tsuntsun Fulani zai iya.

Muka karyo rassan da muka ga ƙwai a jiki. A hanya muka biya ta zauren Liman. Ya kai ganyen kusa da ido, ya kai shi nesa, ya ce ya ga wani abu, mu dawo in abin ya yi wani abu. A gida na tsoma gindin rassan a kwalbar ruwa, na sa a cikin wata tsohuwar tukunyar ƙasa, na rufe da rariyar da ta kasa kama uwarsu.

Bayan 'yan kwanaki na buɗe da safe na ga ƙwan sun fashe. Ba ɗan tsako ko ɗaya. Tsutsotsi ne sirara kamar zaren ɗinki, kowace da ɗan baƙin tsinke a gefe guda. Na kira Babarbariya ta katanga. Ta zo ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Sannan ta zauna a ƙasa ta riƙe ciki. Ta ce mun hau dutse, zuma ta harbe ta, ta zauna a gyaɗa, duk don mu yi kiwon tsutsa. Ta ce ko dai ba ƙwansa muka ɗauko ba. Ni ma abin ya tsaya mini a rai, amma na ga jelar ta taɓa ganyen da idona. Na ce za mu gani.

Ban taɓa ganin ci irin nasu ba, ni da na ga yunwa na ga masu fita daga yunwa. Na sa musu ganyen zogale, suka ƙi. Na sa rama, na sa kuka, suka juya kai. Sai gauɗe. Dole na riƙa hawa dutse ina karyowa. Suka yi ƙiba, suka zama kore shar da farin layi a gefe, suka kai ɗan yatsa. In gida ya yi shiru ana jin ƙarar cinsu, ƙyas ƙyas ƙyas. Kashinsu baƙi ne mai tsaga-tsaga kamar masoro. Babarbariya ta ce in tara in daka a yajin fara, ba wanda zai gane.

Tsinken nan ya zama ƙaho, lanƙwasasshe, mai tsini. Muka ɗauka nan ne kan. Kwana da kwanaki muna mamakin dabbar da ke tafiya da baya tana cin abinci da gindi. Matan unguwa suka riƙa shigowa kallo, suna tsayawa daga nesa, wai ƙahon yana harbi, wai wanda ya harba sai ya kumbura. Na sa yatsa na taɓa. Laushi gare shi kamar gashin masara. Da na taɓa sai ɗaya gefen ya ɗago, ya dunƙule, ya tsaya shiru kamar mai gari yana sauraron ƙara. A nan muka ga ƙananan idanu da baki. Ashe ƙahon a gindi yake. Babarbariya ta ce yanzu ta tabbata Bafillatani ne, tunda ko a baya sai ya yi ƙaho.

Idan riga ta matse su, sai su yi tsit, fatar ta tsage, su fito da sabuwa, su juya su cinye tsohuwar. Wannan ya burge ni. Ba ɓarna.

Ba duka suka rayu ba. Tururuwa ta shiga tukunyar ta kashe wasu. Wata ta yi baƙi ta saki jiki ta rataye a reshe. Wata kuma na fito da ita shan iska, kazar maƙwabta ta yi mini irin na ranar kasuwa. Na bi kazar nan da muciya har waje. Ɗaya ta rage.

Daga ranar ban ƙara barinta a gida ba. Lokacin ina zuwa ƙwadagon cirar gyaɗa don in samu abin sawa a baki. Sai in sa ta a ƙwarya da ganyenta, in rufe da faifai, in ɗora a kai, mu tafi gona tare. In an zauna hutu kowa ya buɗe ƙunshinsa, ni in buɗe ƙwaryata in duba ko rana ta dame ta. Babarbariya ta sa mata suna autata. Takan leƙo ta ce, ya mai jego, ya auta, ya fara zama? In ce ya fi 'ya'yan Barebari kyau. Har magana nake yi mata. Ba wata magana ba, ci ki ƙoshi, yi sauri, kaka ta zo. Na binne mutane ban yi surutu ba, ga ni ina lallashin tsutsa. Na sani, kuma ban damu ba.

Wata safiya ta ƙi cin ganye. Na hau dutse na karyo sabo mai laushi, ta bi ta kansa ta wuce. Bayanta ya rine ya yi ja-ja kamar ruɓaɓɓen goro. Ta sauka daga reshe tana zagaya gindin tukunya, zagaye, zagaye, ba tsayawa. Na san wannan. Na taɓa ganin marar lafiya yana neman ƙofa dab da cikawa. Na zauna a gaban tukunyar ban je gona ba. Babarbariya ta shigo da kwanon ɗanwake ta ajiye, ta zauna kusa da ni. Ba ta ce baiwata ba. Can ta ce, da ta san inda maganar za ta kai, da ta haɗiye harshenta ranar. Na ce mata ta ci ɗanwakenta.

Da yamma tsutsar ta kutsa ƙarƙashin busassun ganye da ƙasar da ta taru a gindin tukunya, ta jawo su ta rufe kanta. Na bar ta. Na ce in mutuwa ce, ta yi wa kanta sutura, ta hutar da ni.

Na daure 'yan kwanaki, sannan na sa tsinke na ɗaga ganyen. Ba tsutsa. Wani abu ne ruwan ƙasa mai sheƙi, kamar ƙwallon dabino da aka shafa wa mai. Ba ƙafa, ba ƙaho, ba motsi. Ba wari kuma, wannan ya sa ban zubar ba. Babarbariya ta karɓi tsinken ta ɗan taɓa shi. Sai gefen mai tsini ya murɗa, ya kaɗa hagu da dama. Ta yi ƙara ta faɗi da baya ƙafafu a sama. Na ɗauke shi a tafin hannu, na ce masa, kai auta, ina Barno take? Ya murɗa ya nuna juji. Na sake tambaya, ya sake nuna juji. Ta ƙwace ta tambaye shi ina rugar Fulani, ya nuna bayan gida. Muka yi ta yi har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta tambaya ko lafiya. Hawaye na zuba, haƙarƙarina na ciwo. Ban san tsohuwa na iya dariya har ta kasa tashi ba.

Ranar na ɗauki tukunyar na kai zauren Liman. Na ce a bar ta a nan, a gaban kowa, don kada gobe a ce na musanya. Ya duba abin, ya taɓa shi da bakin alƙalami, abin ya murɗa masa. Liman ya janye hannu da sauri ya yi tasbihi. Aka ajiye tukunyar a lungu, rariya a kai, dutse a kan rariya. Masu zuwa salla suka riƙa leƙawa. Mai faci ya ce ƙwallon dabino ne na kawo ina raina wa mutane hankali.

Aka shiga jira. An yanke gero, an fara ɗaurin dawa. Mutumin Nijar ya aiko cewa sabuwar fara ta fito, buhu nawa zai ajiye mini. Na ce a ce masa ina zuwa. Kullum bayan asuba in bi ta zauren, in leƙa, in dawo. Abin na nan kwance. Sai dai na ga yana ƙara baƙi.

Wata safiya ina shara matar Liman ta shigo da kanta, mayafi a karkace, ta ce in zo, Malam na kira, abin ya fashe. Na yar da tsintsiya. Sai a ƙofar zauren na ga ba takalmi a ƙafata. Babarbariya na bayana tana haki tana cewa in jira uwar ɗakina.

Zauren ya cika. Liman ya ɗaga rariyar a hankali ya juya ta. Ga shi nan maƙale a jiki. Kore-kore, jar ɗamara, baƙar jela. A gindin tukunya kuma ga ɓawon a tsage, ba komai a ciki. Liman ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya duba sama ya duba ƙasa. Ya nuna wa na kusa da shi ƙafafun, shida. Ya nuna inda baki ya kamata ya kasance, ba baki, sai zaren nan a nannaɗe kamar gammo. Ya nuna ƙahoni biyu sirara a kai. Ya ce wannan ba tsuntsu ba ne, kuma a gabansa ya fito daga abin da tsutsa ta zama.

Mai faci ya ce ya yarda wannan ba tsuntsu ba ne. Amma ba shi ne ya faɗa kasko ba. Ya ce a dubi fukafukansa, toka-toka ne masu ƙura, irin na malam-buɗe-littafin da ke zuwa wajen fitila. Na bakin tasha kuwa ba a ganin nasa. Wasu suka ce gaskiya ne. Na duba, na ga haka ne. Fukafukan a rufe suke da wani gari kamar toka.

Babarbariya ta matso ta sunkuya kan rariyar ta ce, "Kai auta, kar ka ba uwarka kunya."

Ban ce ya ji ta ba. Rana ce ta kai kansa. Ya fara rawar jiki, fukafukan na karkarwa, ƙugin na tashi kaɗan kaɗan. Sai muka ga ƙura na tashi daga jikinsu a cikin hasken ƙofa. Tokar nan duk ta kaɗe. Fukafukan suka zama garau kamar gilashi, ana hango ramukan rariyar ta cikinsu. Ƙugin ya ƙaru, suka ɓace gaba ɗaya. Ya saki rariyar ya tashi.

Bai fita nan da nan ba. Ya tsaya cak a iska a gaban fuskar Liman, ya buɗe jela, ya ja da baya, ya matsa gefe, ya tsaya a gaban jar hular mai faci, ya warware zaren nan ya taɓa ta. Mai faci ya sandare, idanu sun haɗe a kan hanci. Abin ya ga ba zuma a wurin, ya bi ta ƙofa ya tafi.

Zauren ya ɓarke. Liman kansa ya rufe baki da gefen rawani kafaɗunsa na rawa. Da aka lafa ya tambayi mai faci ko shi ne irin na bakin tasha. Mai faci ya shafa hula ya ce shi ne. Liman ya ce to kowa ya ji, ƙwaro ne marar jini, man Inna tsarkakakke ne, farar da ta sayar halal ce, kuma wanda ya ƙara kiranta da wancan suna ya ɗauki alhaki. Ya ce zai maimaita bayan azahar.

Na yi godiya na miƙe. Daga baya wani direba ya ce, "To Malam, ba mushe muka ci ba ke nan. Tsutsa muka ci."

Aka sake fashewa. Babarbariya ta kama hannuna ta ɗaga sama kamar na ɗan dambe, ta ce a buɗe hanya ga Inna mai tsutsa. Kafin mu kai tasha sunan ya riga mu. Na auna shi a raina. Tsutsa ba haram ba ce, ƙyama ce kawai, ƙyama kuwa ba ta jure ƙamshin yaji. Na ce na karɓa.

Da la'asar na hura wuta da 'yar tsohuwar farar da ta rage a buhu. Mai ya yi zafi, ƙamshi ya tsallaka titi. Mutane na tsaye nesa suna dariya, kowa na jiran wani ya fara. Sai ga wata mata mai goyo daga unguwar gabas da kwano a ƙarƙashin mayafi, ta ce uwar mijinta ce ta aiko ta, wai tun da aka daina saye ba ta jin daɗin bakinta. Na cika mata. Ta tsaya tana tona farar da yatsa, tana leƙawa ko za ta ga tsutsa.

Na ce mata mai ƙahon ta ƙare, sai ta dawo gobe da wuri.